Hular Baba Tinoaga

Tun daga bakin ƙofa Zalisa ta san yau akwai magana. A gidan su Rasmane, saurayin da za ta aura, da ke unguwar Tanghin, ba a taɓa bari ta gama kafe babur ɗinta ba sai wani ya taho mata da ƙoƙon zom-kom, ruwan garin geron nan mai citta da duk Wagadugu ke tarar baƙo da shi. Yau kuwa ta kafe babur, ta cire hular kwano, ta bi kowa ta gaishe shi, har ta samu gefen benci ta ɗosana, ƙoƙon yana nan kife a kan randa babu wanda ya ko dube shi.

Gwaggo Nopoko na zaune a gindin mangwaro ta miƙe ƙafafu, fuskar nan a murtuke. Ita ce yayar mahaifin Rasmane, kuma ko kazar gidan sai ta nemi izininta kafin ta yi ƙwai. Shi kuwa Rasmane, ango mai jiran gado, yana raɓe jikin katanga yana ƙare wa takalminsa kallo kamar yau ya saye shi.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Da ban wuni ba za ki gan ni?" Tsohuwar ta ɗaga wata waya da ba tata ba. "Matso nan, 'yar Abijan. Idona ya yi rauni. Zo ki gaya min wace ce wannan."

Zalisa ta leƙa. Ita ce a cikin bidiyon, a kan dandamali, ƙafa ba takalmi, kanta ɗauke da wata tsohuwar hular ma'aikatan jirgin ƙasa. Tana tafe ƙafafu a ware, tana tangaɗi dama da hagu, hannunta na laluben bayan kujerun da babu su. Ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta taɓa bakin hular da yatsu biyu. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

"Ni ce, Gwaggo," ta ce, har da ɗan murmushinta, don ita a zatonta yabo ne ke tafe.

A Abijan aka haifi Zalisa Ilbudo, can iyayenta suka tafi neman abinci tun suna matasa. Wagadugu garin hutu ce a wurinta, sai dogon hutun makaranta ake ɗoro ta a jirgin ƙasa ta zo ta ga dangi. Da ta girma ta dawo gidan kawunta da zama, ta kama sana'ar rawa, ba irin warba ta biki ba, rawar zamani da ake tsarawa a kan dandamali a ba da labari da jiki ba da baki ba. Ta sha taka abin da wasu suka tsara. Sai bana wata cibiyar rawa da ke bayan gari ta zaɓe ta cikin wasu matasa kaɗan, aka ba su ɗakin kwana da abinci da zauren gwaji na wata biyu, aka ce kowa ya ƙirƙiro nasa, ranar ƙarshe a nuna wa jama'a. Nata wasan a kan jirgin nan ne da ya yi ta kai ta yana dawo da ita. Kuma duk duniya ba ta san wanda jirgin ya zauna wa a jiki kamar Baba Tinoaga, mahaifin Rasmane, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ratsa taragu yana duba tikiti. Ya bar aikin tuntuni, amma har yau ko banɗaki zai je, tafiyar cikin jirgi yake yi. Don ƙauna ta ɗauki tafiyar ta sa a tsakiyar wasanta, ta gwada ta ranar da cibiyar ta buɗe ƙofa wa mutanen unguwa su ga inda aiki ya kai.

"Ke ce," in ji Gwaggo Nopoko. "To, hular wa ce a kanki? Tafiyar wa kike yi?"

"Ta Baba ce. Gwaggo, girmamawa ce wallahi. Wasan yana magana ne a kan..."

"Girmamawa." Tsohuwar ta juya wajen matan da ke tsinkar ganye a bakin madafa. "Kun ji ko? Ke yarinya, a wane gari kika ga matar ɗa ta sa hular surukinta, ta fito gaban taro tana tafiyarsa, tana gyaran muryarsa, mutane na dariya? Yaushe ake yin haka a wurinmu?"

Zalisa ta girgiza kai, don ba ta sani ba.

"Ranar bikin mutuwarsa ake yi. Ranar da ya kwanta dama, sai matar ɗansa ta sa kayansa ta fito ta kwaikwaye shi, a yi dariya, a yi kuka, a sallame shi. Ke ko lalle ba a sa miki ba, kin riga kin yi wa ƙanena bikin mutuwa yana numfashi. Tun washegarin ranar yake tari, ga ƙofarsa can a rufe. Jiya har wata ta tare ni a kasuwa tana min gaisuwar rashi."

Sai yanzu Zalisa ta tuna. Ta taɓa ganin irin wannan sau ɗaya tana ƙarama a ƙauyen kakanninta, wata mata da rigar maza tana dogara sanda, amma ita ta ɗauka wasan barkwanci ne kawai. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata.

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo. Ki yi min rai."

"Rashin sanin naki ya cika gari. Abu ɗaya ya rage in ji. Hular nan a ƙasan akwatinsa take, shekaru ba ta ga rana ba. Wa ya ba ki?"

Zalisa ta ɗaga ido ta dubi Rasmane. Shi ya kawo mata ita da hannunsa a cikin leda, yana dariya, yana cewa tsohon ba zai ma lura ba. Ta jira ya buɗe baki. Malam Rasmane, wanda a makarantar da yake koyarwa muryarsa ke kaiwa har titi, ya ci gaba da nazarin takalminsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ba ta tona shi ba.

"Ashe har da ɗan hali," in ji Gwaggo. "To ki gaya wa kawunki kada ya wahalar da kansa da aron kujeru. Gaisuwar auren da muka sa ƙarshen wata, babu ƙafar da za ta taka daga gidan nan zuwa nasa. Goron yana ɗakina, can zai bushe."

Sai da ta tura babur ɗin har bakin titi sannan ta ji takunsa a bayanta.

"Zali, tsaya mana."

"Au, ashe kana da baki? Na ɗauka a aji ka manto shi."

"Ki fahimce ni. In na yi magana yanzu wutar ƙaruwa za ta yi. Ki ba ni lokaci, zan san yadda zan lallaɓa ta."

"Kai nan aka haife ka, Rasmane. Ka san al'adar nan ko ba ka sani ba?"

Ya sosa ƙeya. "Na sani, amma ni na zaci hular kawai za ki sa. Ban san har da tafiyar ba. Kuma wa ya yi tunanin mutanen Tanghin za su je kallon rawarku? Ai ba sa ganewa."

"Sun gane wannan kuwa." Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu da ƙarfi, don haushin kanta take ji da ta yi kuka a gabansa. "An ce min ɓarauniya kana tsaye. Ni ba gwaggonka ce ta ƙona min rai ba, ita ƙaninta take karewa. Kai wa kake karewa?"

Ta buga babur ɗinta ta bar shi nan tsaye.

Washegari ta cire tafiyar daga wasan. Ta wanke hular, ta goge, ta naɗe a sabon ƙyalle ta mayar gidan. Gwaggo ko taɓawa ba ta yi ba, da haɓa ta nuna mata bakin tagar Baba ta ce ta ajiye can.

Sai dai abin da ya rage na wasan ya zama fanko. Madam Pare, tsohuwar 'yar rawar da cibiyar ta ɗauko don ta riƙa duba aikin matasan, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango tana kallo, tana ɓare gyaɗa. Mace ce 'yar ƙabilar Samo, ba ta iya ɓoye magana ba ko da za a biya ta. Zalisa ta yi juyi, ta yi tsalle, ta faɗi ta mirgina, gumi ya jiƙa ta sharkaf, sannan ta tsaya tana haki.

"Kin gama motsa jinin?" in ji Madam Pare. "To a fara rawar."

"Ita ce wannan, Madam."

"Wannan? Ina tsohon nan mai tangaɗi? Shi kaɗai ne mutum a cikin wasan. Sauran duk abin da kika kwaso ne a jikin wasu."

Zalisa ta gwada komai. Ta ari tafiyar masu tallan ayaba a tasha, ta ari ta ɗan dako, ta ƙirƙiro wani mai duba tikiti na ƙarya da ba ya kama da kowa. Duk ba su zauna ba. A zauren da ke kusa, wani saurayi daga Lome yana ta kokawa da jarkokin ruwa, kullum wasansa ƙara kyau yake. Wata 'yar Bamako na rawa da jiƙaƙƙen zane, in ta shauɗa shi a ƙasa har tsikar jiki ke tashi. Ita kaɗai ce ke komawa baya. Da an kai wurin da ƙarar jirgi ke tashi a lasifika, sai ƙafafunta su nemi warewa da kansu, ta danne su, ta tsaya cak kamar wadda aka dasa. Ranar nan takaici ya sa ta yi jifa da gorar ruwanta har ta fashe.

"Ki mayar da shi mana," in ji Madam Pare. "Masu zaɓen wasannin da za a kai wasu ƙasashe za su zo ranar ƙarshe. Su ina ruwansu da gwaggon wani?"

"Ni da ruwana. Mutumin nan ba shi da lafiya, Madam. In na sake yi wani abu ya same shi, da wane ido zan dubi Rasmane? Kuma jikinsa ne na ɗauka ban tambaye shi ba. Ko babu al'ada ai ban kyauta ba."

Madam Pare ta daina tauna gyaɗar ta dube ta da kyau.

Duk da haka Zalisa ba ta ɗauke ƙafa daga Tanghin ba. Kowace Lahadi sai ta je. Ta share tsakar gida, ta ja ruwa, ta zauna cikin mata ta tsinki ganyen babenda, faten ganyen da ake ci a garin, ta daka gyaɗar da za a zuba a ciki har tafin hannunta ya yi kanta. Ba a kore ta ba, ba a kuma ce mata sannu ba, ƙoƙon zom-kom yana kife. Mahaifiyarta ta kira daga Abijan tana faɗa, wai ta tattaro ta dawo, maza ba su ƙare ba. Kawunta ya ce shi ba zai je roƙon kowa ba, ba 'yarsa ce ta rasa masoya ba. Rasmane kuwa kullum saƙonsa ɗaya ne a waya: ki ƙara haƙuri, ina kan hanya. Har ta fara tsanar kalmar. Ita ma ba dutse ba ce, sau da yawa a kan babur take shan kukanta, iska na busar mata da hawayen kafin ta isa cibiya.

Lahadin ƙarshe kafin ranar nuni, tana shirin fita sai ga Madam Pare ta yafa gyale ta haye bayan babur ɗin ba gayyata.

"Mu je in ga bayina. Na daɗe ban zagi Bamoshe a gidansa ba."

Tsakanin Samo da Mosi, ƙabilar su Rasmane, akwai wasa tun na kakanni, wanda ko sarki aka yi wa sai dai ya rama da baki. Tun daga zaure Madam Pare ta ɗaga murya.

"Ina masu gidan? An ce min bawana Tinoaga ya mutu, na zo in shige kabarin in hana binnewa sai an ba ni akuya. Ke tsohuwa, ina gawar? Ko kun cinye ta ne da tuwo, tunda ba ku san nama ba?"

Gwaggo Nopoko ta so ta ci gaba da shan kunu, amma al'ada ta fi ƙarfinta. "Ji min 'yar ƙauye. Wa ya kwance ki kika shigo birni? Ku ba ta ruwan wanke hannu ta sha, ya ishe ta."

Sai aka ji tari daga ɗaki, ƙofa ta buɗe. Baba Tinoaga ya fito, ya rame kaɗan, yana tafe yana tangaɗinsa, yana laluben bango. Zalisa ta yi maza ta durƙusa ta kawar da ido, don ko kallon tafiyar yanzu tsoro yake ba ta.

"Wace Basamiya ce ke neman akuyata?" ya ce. "Ban mutu ba, kuma ko na mutu ƙashi za a ba ki."

"Af, ashe da ranka. To me ya sa ka kulle kanka kamar sabuwar amarya? Kai da ka ratsa daji da jirgi shekara da shekaru, yarinya ƙarama ta tsorata ka da rawa? Ka ma ga abin da ta yi?"

"An gaya min."

"An gaya maka. Haka kuke, Mosi, kunne kamar faranti, ido kuwa na ado."

Tsohon ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya dubi Zalisa da ke durƙushe. Fuskarsa ta canza.

"Rawar ba ta dame ni kamar akwatin ba," ya ce a hankali. "Na ɗauke ki 'ya. 'Ya kuwa tambaya take yi, ba ta buɗe akwatin uba a bayan idonsa."

Maganar ta soke ta fiye da duk zagin Gwaggo. Sai ta ji an durƙusa kusa da ita, har gwiwarsa na gugar tata.

"Baba, ni ne." Rasmane ne ya yi maganar. "Ni na buɗe akwatin, ni na kai mata. Ba ta taɓa shiga ɗakinka ba. Na bari aka kira ta ɓarauniya saboda tsoron Gwaggo, ita kuma ta rufa min asiri duk tsawon nan. Dubi hannunta, Baba. Ni ya kamata a hana ruwa a gidan nan."

Madam Pare ce kawai ta ce, "Yau ga Bamoshe ya faɗi gaskiya, a rubuta a ajiye."

Zalisa ta zaci shi ke nan. Ina. Gwaggo Nopoko ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Ɓarawo ɗaya ya zama wawaye biyu, shi ne me? Abin da aka yi an yi shi a gaban jama'a. Tinoaga, koma ɗaki, iska na kaɗawa." Ta juya wajen Zalisa, sai ga muryar ta karye. "Ke ba ki san komai ba. Mu nawa uwarmu ta haifa? Duk na raka su, duk na zauna na kalli matan 'ya'yansu sanye da hulunansu. Shi kaɗai ya rage min. Shi kaɗai."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ma haka Zalisa ta koma ba ta sha ruwan gidan ba, sai dai a karo na farko ta ji tausayin tsohuwar ya fi haushinta yawa.

Ranar nuni, bayan la'asar, filin cibiyar ya cika. Aka jera benci a ƙarƙashin bishiyoyi, baƙi masu zaɓen wasanni a gaba, mutanen unguwa a baya. Ɗan Lome ya yi nasa da jarkoki aka tafa, 'yar Bamako ta yi nata har wasu suka miƙe. Kafin Zalisa ta hau, Madam Pare ta riƙo hannunta.

"Har yanzu kina iya mayar da shi. Ba hula ma, tafiyar kawai."

"A'a, Madam. Wurin zan bari a buɗe. In sun ga rami, rami ne."

Ta hau ta fara. Ta yi yarinya mai leƙen taga, ta yi uwa mai ɗaure kaya, ta yi cunkoson tasha. Tana jin yadda 'yan kallo ke gyara zama, wani ma a gaba ya duba agogo. Sannan ƙarar jirgi ta tashi a lasifika, ƙaƙaf-ƙaƙaf, ƙaƙaf-ƙaƙaf. Zalisa ta zo tsakiyar dandamali ta tsaya, hannuwa a sake, ba ta motsa ba. Ta san a wannan tsayuwar take zubar da wata biyu na wahala, da damar da ba lalle ta sake samu ba. Hawaye suka fara bin kumatunta, ta bar su.

Can daga bayan fili aka ji gyaran murya.

Mutane suka waiwaya. Wani tsoho ne ya taso daga benci na ƙarshe, hular ma'aikatan jirgi a kansa, ya biyo ta tsakanin layukan kujeru, ƙafafu a ware, yana tangaɗi daidai da ƙarar, yana dafa kafaɗun mutane dama da hagu kamar bayan kujerun tarago. Rasmane na biye da shi yana rarraba ido, a bayansu kuma ga Gwaggo Nopoko tana jan ƙafa tana cewa, "Tinoaga, dawo nan, kallo ka ce za ka yi." Bai ko juya ba. Ya taka matattakala ya hau, ya tsaya a gaban Zalisa, ya taɓa bakin hular da yatsu biyu.

"Tikiti," ya ce.

Filin ya ɗauki dariya.

"Yaron nan ya nuna min abin a waya," ya faɗa ƙasa-ƙasa, yadda ita kaɗai za ta ji. "Kin ɓata min suna. Da ƙafar hagu nake farawa, ke kina farawa da dama. Wanda ya fara da dama a jirgin Abijan, kafin a kai garin Banfora ya zubar da haƙori. Biyo ni ki gani."

Zalisa ba ta motsa ba. Ta miƙa wuya ta nemi Gwaggo da ido, ta same ta tsaye a gindin dandamali ta dafe ƙirji. Ta tsaya tana kallonta, tana jira, jirgi na ta ƙara, jama'a ba su san me ake jira ba. Tsohuwar ta dubi ƙaninta a sama da hularsa, ta dubi yarinyar da kanta ba komai. Can ta ɗaga haɓa kaɗan, irin yadda take nuna wa mutum inda zai ajiye abu.

Tsoho ya juya ya fara tafiya, Zalisa ta bi bayansa da ƙafar hagu. Ya karkata, ta karkata. Ya dafa iska, ta dafa. Suka ratsa dandamalin suka dawo, shi a gaba ita a baya, tun ana dariya har dariyar ta ɗauke, aka koma shiru, sai ƙarar jirgi da takun mutum biyu. Da sautin ya mutu, sai da aka ɗan jima kafin wani ya tuna da tafi. Madam Pare na gefe tana share ido da gyale tana cewa ƙura ce, wai Mosi ba su iya share fili ba.

Baƙin nan sun nemi ganin Zalisa daga baya, sun kuma tambaya ko tsohon zai yarda a yi tafiya da shi. Baba Tinoaga ya ce zai duba, amma su sani shi ba ya hawa jirgin sama, don ba a ratsa shi a tsaye yadda ya kamata. Zalisa na jin su sama-sama, hankalinta na wurin Gwaggo, wadda ta tafi gida ba ta ce da kowa komai ba.

Lahadi ta zagayo, ta kama hanyar Tanghin. Ta kafe babur, ta cire hular kwano. Kafin ta juyo, sai ta ga ƙoƙo a gabanta cike da zom-kom, fari tas, yana ƙamshin citta. Ba yarinya aka aiko da shi ba. Gwaggo Nopoko ce riƙe da shi da hannu biyu.

"Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Zalisa ta durƙusa ta karɓa, ta kafa kai ta sha har yana zuba a rigarta.

"Duk inda na ga ana wannan tafiyar, mai hular ba ya nan," in ji tsohuwar. "Ranar nan na ga mai hular a gaba. Ki gaya wa kawunki ya aro kujerunsa, Asabar muna tafe. Amma ki ji da kyau. Hular nan ba za ta sake hawa kanki ba sai ranarta."

"Na ji, Gwaggo."

"Allah Ya nisanta ranar, Ya sa ba na nan." Ta dubi ƙofar ɗakin ƙaninta. "Amma in ta zo, ke za ki yi masa. Kada ki bari wata ta taɓa. Matar ɗansa ce ke yi, kuma ke kika iya."

Nan Zalisa ta ajiye ƙoƙon ta fashe da kukan da ta daɗe tana yi a kan babur, wannan karon a kafaɗar Gwaggo. Rasmane na raɓe jikin katanga yana murmushi, tsohuwar ta harare shi ta ce ya daina tsayuwa kamar turke ya je ya fito da goron ya sha iska.

Da Zalisa ta biye wa zuciya ta mayar da tafiyar don ta burge baƙi, da ta samu tafi ta rasa gida. Da ta biye wa fushi ta ɗauke ƙafa, da har yau ana kiranta ɓarauniya a Tanghin. Ta yi kuskure cikin rashin sani, ta amsa laifinta, ta jure har waɗanda ta ɓata wa suka huce don kansu. Duk mai son ya ɗauki wani abu na mutane ya kai gaban duniya, ko tafiyarsu ce ko labarinsu, ya fara zuwa ya durƙusa ya tambaye su. Shi kuma saurayin da ya ga ana zagin masoyiyarsa a kan laifinsa, kada ya tsaya kallon takalmi.